Burin Maikuɗi na Zama Dokta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Dangora don sayen maganin tsutsar awaki ya san Maikuɗi, ko da bai so ba. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai faci da mai sayar da taki, amma bakin mai shagon ya fi shagon faɗi. In ka je sayen gishirin lasa, sai ka sha labarin cututtukan shanu tun daga kofato har ƙaho kafin ya miƙo maka. Shekararsa tara yana sayar da magungunan dabbobi, kuma a shekara taran nan dabbar da ya taɓa riƙewa da hannunsa ita ce kazar da matarsa Hindatu kan miƙa masa ya yanka.

Ana nan sai aka kira bita ta kwana uku a Tudun Wada, don masu shagunan magani da masu taimaka wa makiyaya. Mai koyarwar wata likitar dabbobi ce, Dokta Khairat, siririya mai magana a hankali, wadda ta fi shekara goma tana shiga rugage. Ranar ƙarshe ta raba wa kowa farar takarda, ta ce a rubuta abu uku da ake son ƙwarewa a kai kafin shekara ta zagayo. Wanda ya cika nasa, za ta sa hannu a ba shi takardar shaidar mataimakin likita.

"A rubuta ƙanana," in ji ta, "waɗanda za a iya gani da ido. Kada kowa ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfin wuyansa."

Wanda ke zaune kusa da Maikuɗi ya rubuta cewa zai koyi ajiye maganin rigakafi cikin sanyi. Maikuɗi ya leƙa takardarsa, ya ji tausayinsa. Sa'annan ya gyara zama ya rubuta nasa. Na ɗaya, zai duba dabba da na'ura kamar yadda ake duba mutum a asibiti. Na biyu, zai yi wa kajin gari guda rigakafi a yini ɗaya. Na uku, zai yi wa bajimi mafi girma a Falgore allura ba tare da igiya ba, a gaban jama'a, har su kira shi Dokta da bakinsu.

Dokta Khairat ta karanta sau biyu.

"Malam Maikuɗi, ka taɓa riƙe saniya?"

"Ranki ya daɗe, na riƙe ta a ilimi."

"A hannu fa?"

"Hannu ai na masu aikin ƙarfi ne."

"To ka fara da bina fita rigakafi. Wata uku kana riƙe igiya kana kallo, sai mu sake zama a kan takardar nan."

"Ranki ya daɗe, shekara kika ba mu, ni kuwa mako uku ya ishe ni. Kowane mako buri ɗaya. Sauran watannin sai in taimaka wa 'yan baya."

Kafin ya isa gida ya bi ta wurin 'yan gwanjo ya sayi farar riga irin ta likitoci. Akwai wani rubutu a bayanta, wanda wani malamin firamare ya karanta ya ce sunan gidan burodi ne, amma Maikuɗi ya ce hassada ce. Ya sayi ma'aunin zafin jiki, da robar nan da likitoci ke ratayawa a wuya suna sauraron ƙirji. Ya shiga gida da su a jikinsa.

Hindatu tana tace zoɓon da take sayarwa a bakin titi. Ta ɗago ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Maigida, wa ya rasu?"

"Jahilci ne ya rasu, Hindatu. Daga yau ki riƙa lura da yadda kike magana da ni a gaban mutane."

"To. In ilimin ya bar maka hannu, ɗauke mini bokitin can."

Makon farko ya zo da sa'a. Ranar kasuwa, Malam Badruddeen, limamin masallacin unguwarsu, ya jawo ragonsa zuwa shagon. Ragon sunan jikarsa ne, saura kwana huɗu, ga shi ya daina cin dusa.

"Ɗan maganin buɗe ciki nake so," in ji Malam.

"Allah gafarta Malam, an wuce wannan zamanin. Yanzu sai an yi bincike."

Mutane suka fara taruwa. Maikuɗi ya durƙusa, ya ɗora kan robar a ƙirjin rago, ya rufe ido. Ya matsar da ita gefe. Ya mayar. Ya miƙe yana girgiza kai.

"Allah gafarta Malam, sai haƙuri. Ragon nan zuciyarsa ta tsaya."

Ragon yana tsaye yana kallonsa.

"Ikon Allah," in ji Malam. "Amma na ga likitoci kan sa ɗaya bakin a kunne. Kai naka yana wuya."

"Wannan gwajin farko ne," in ji Maikuɗi. "Yanzu za a auna zafi."

A bita an nuna musu ta inda ake sa wa dabba ma'auni, an kuma ce a riƙe ta tukuna. Maikuɗi ya tuna rabin farko. Ya zagaya bayan rago, ya ɗaga wutsiya, ya yi bisimilla. Ragon bai yi shawara da kowa ba. Ya fizge igiya daga hannun Malam, ya bi ta tsakanin ƙafafun mai faci, ya shiga kasuwa da ma'aunin a jikinsa. Ya watsar da tiren tumatir, ya tsallake mai dankali, ya ture bencin mai shayi da mutum biyu a kai. Maikuɗi na biye da shi, farar riga na tashi, yana ihu.

"A tare shi! A hankali! Yana ɗauke da kayan aiki!"

A bayan tasha aka same shi, ya sa kai cikin buhun kabejin wani mutum yana ci kamar bai taɓa ganin abinci ba. Ma'aunin kuwa har yau ba a san inda ya faɗi ba.

Maikuɗi ya iso yana haki, ya nuna ragon da yatsa. "Jama'a ku shaida. Ya zo ba ya ci. Yanzu fa?"

"Yanzu yana cin kabejina," in ji mai buhun.

Malam Badruddeen ya kama igiyarsa, ya ba mai kabeji haƙuri, ya dubi Maikuɗi ya ce, "Allah ya ƙara basira." Ya faɗe ta da nauyi, kamar mai roƙon ruwa a shekarar fari. Maikuɗi ya ce amin, ya koma shago ya sa wa buri na ɗaya alamar an gama.

Mako na biyu ya aika wa mai unguwar Badafi cewa kowace mace ta fito da kajinta ranar Laraba, za a ɗiga musu maganin rigakafi a ido, kyauta, saboda Allah da kuma tarihi. Maganin ba ya son zafi, don haka ya zuba kwalaben a shuɗiyar kula da ƙanƙara, ya ajiye a zaure. Hindatu ma shuɗiyar kula gare ta, kuma a zaure take ajiyewa.

Ya isa Badafi da hantsi ya tarar da mata sun cika gindin mangwaro, wasu da kwando, wasu da akurki, wasu sun rungume kaji a hammata. Bai buɗe kula nan da nan ba. Ya ce sai an fara da wayar da kai. Ya yi awa ɗaya da rabi yana bayani a kan hanjin kaza. Rana ta take, kaji suka buɗe baki, jarirai suka fara kuka. Sa'annan ya naɗe hannun riga, ya ce a yi layi, ya ɗaga murfi.

Robobin zoɓo ne jere, ja wur, sun yi sanyi har suna zufa. A gefe guda kunun aya.

Ta farko a layi wata tsohuwa ce, Iya Hasana, riƙe da baƙin zakara. Ta leƙa cikin kular.

"Ɗan nan, wannan ne maganin?"

"Sabon samfuri ne, Iya. Bana suka canja kala."

Ta ɗauki roba ɗaya, ta buɗe, ta shinshina. "Har da citta da kanumfari suka sa?"

"Don ya shiga jiki da sauri."

Ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Ta juya ga matan da ke bayanta. "Ku ajiye kajin, na mutane ne."

Suka ajiye. Abin da ya kawo fitinar ke nan. Kafin a shanye kular, kaji sama da ɗari sun fice daga kwanduna sun gauraye, suka bazu cikin gonar albasa. Kowace mace ta rantse cewa babbar wake-waken nan tata ce. Mata biyu da suka shekara ashirin suna maƙwabtaka suka kama kaza ɗaya, wannan ƙafa, waccan fiffike. Har la'asar mai unguwa na shari'ar kaji. Da ya samu sarari sai ya jawo Maikuɗi gefe.

"Malam, mun gode ƙwarai. In za ka sake zuwa, ka sanar da mu da wuri, don mu yi tafiya."

A gida ya tarar da Hindatu zaune a kan turmi, ɗaya kular a gabanta a buɗe, ƙanƙarar ta narke, kwalaben na iyo a ruwan ɗumi.

"Direba ya tsaya ya ce in ba shi mai sanyi," in ji ta. "Na buɗe na ga kwalabe kamar na turare. Ya tambaye ni ko na koma bokanci."

"Kin lalata maganin gari guda!"

"Kai kuma ka shayar da gari guda. Ina zoɓona?"

"Ya shiga aikin wayar da kai."

"To gobe kai za ka jiƙa wani, da farar rigarka."

Ya jiƙa. Amma a takardarsa ya sa wa buri na biyu rabin alama, domin a cewarsa tara kajin ma rabin aiki ne.

A mako na uku Dokta Khairat ta buga wa duk 'yan bita waya. Ranar Asabar da ƙarfe goma za a yi wa shanu rigakafin ciwon huhu a rugar Arɗo Umaru, kusa da Falgore. Ta ce kowa ya zo da natsuwa. Shekara biyu ta yi tana lallashin Arɗo, domin wani mai allurar tsibbu ya taɓa kumbura masa shanu bakwai, tun daga nan ya ce allura ba ta ƙara shiga garkensa. In Arɗo ya yarda, rugagen da ke bayansa za su yarda. In ya ƙi, shanun yankin za su shiga damina ba kariya.

"Malam Maikuɗi," ta ƙara, "kai igiya za ka riƙe."

"In Allah ya yarda, ranki ya daɗe."

Ƙarfe takwas ya yi masa a rugar. Maganin rigakafin yana hannun Dokta, don haka ya cika babban sirinji da bitamin na shanu daga shagonsa. A hanya yana ta maimaita gaisuwar Fulatanci da ya koya wurin mai tallar nono. Ya tarar da Arɗo zaune a tabarma, dattijo dogo mai farin gemu, shanu sun cika fili, maza da mata sun taru.

"Jam na, Arɗo! Jam, jam, jam!"

"Lafiya lau, samari," in ji Arɗo da Hausar da ta fi tasa tsabta. "Sannu da hanya. Ina Dokta?"

"Tana tafe. Ni ne na gaba da ita a aiki, wato ni nake zuwa gaba. Wanne ne babban bajiminku?"

Arɗo ya nuna da sanda. Can gefe, shi kaɗai, wani farin bajimi ne tsaye, tozonsa ya kwanta gefe don girma, ƙahonninsa kamar an buɗe hannu ana addu'a.

"Wancan, ko ni da na raine shi sai na yi masa magana kafin in matsa. Mutum huɗu ke riƙe shi."

"Ilimi ya fi mutum huɗu, Arɗo."

"Ilimin ya san shi?"

"Yau za su saba."

"Samari, ka jira Dokta."

Amma Maikuɗi ya riga ya tafi. Ya taɓa gani a waya wani Bature ya mari saniya a cinya sau biyu sa'annan ya soka allura, ba ta ko motsa ba. Ya zagaya ta bayan bajimin, ya gyara wuyan riga, ya ɗaga murya don na nesa su ji.

"Jama'a, a lura. Mataki na farko."

Ya kai mari. Bajimin ya daina tuƙa. Ya juyo da kansa a hankali, ya dubi Maikuɗi, ya sa kofato ya tono ƙasa.

Nan take makiyaya suka ɗauki ihu da Fulatanci: "Doggu! Doggu!" Wato, gudu.

Maikuɗi ya ji abin da ya shekara tara yana jira. Maza da mata, manya da yara, kowa na kiran Dokta, Dokta. Idonsa ya ciko. Ya juya wa bajimin baya, ya fuskanci jama'a, ya ɗaga hannu biyu.

"Na gode! Na gode! Ai ban ma fara ba!"

"Doggu!"

"Ya isa haka, kada ku sa ni kuka!"

Arɗo ya miƙe tsaye ya daka tsawa da Hausa: "Gudu ake ce maka, wawa!"

Maikuɗi ya waiwaya. Abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa sanin mai tumbi na iya irinsa ba. Ya cusa sirinjin a aljihun baya na wando, ya zubar da takalmi, ya nufi wata ɗorawa. Ƙahon bajimin ya kama gindin farar rigar ya raba ta biyu, gidan burodin ya tafi da ƙaho. Maikuɗi ya kama reshe, ya haye, ya ƙara hayewa, ya samu wani reshe mai kauri, ya zauna da dukkan nauyinsa.

A kan sirinjin ya zauna.

Ƙarar da ya saki ta tayar da tsuntsaye, ta kuma firgita garken. Shanu suka watse cikin daji, samari suka bi su da sanduna. Bajimin dai bai je ko'ina ba. Ya tsaya a gindin ɗorawar yana jira.

Ƙarfe goma daidai motar Dokta Khairat ta iso. Ta tarar da fili ba shanu sai bajimin kaɗai, Arɗo ya naɗe tabarmarsa, fuskarsa a ɗaure.

"Dokta, ku koma. Na ce allura ba alheri, kika ce in gwada. Na gwada."

Dokta ba ta ɗaga kai ta dubi bishiyar ba. Ta durƙusa ta gaida Arɗo da Fulatanci, ta tambayi iyali, ta tambayi shanu. Ta roƙi a sake shimfiɗa tabarmar. Aka kawo nono ta sha. Ta ce laifin nata ne, tunda ita ta gayyato mutumin, kuma in Arɗo ya kore su ba ta da ta cewa, sai dai shanun ba su yi laifin da za a bar su da ciwon huhu ba. Rabin awa suna magana ƙasa-ƙasa. Daga sama ana jin nishi.

A ƙarshe Arɗo ya ce, "Na yarda, don ke. Amma da sharaɗi ɗaya. Wancan ba zai sauko ba sai an gama."

Sai a lokacin Dokta ta je kusa da ɗorawar ta ɗaga kai.

"Malam Maikuɗi, me ke cikin sirinjin?"

"Bitamin, ranki ya daɗe."

"Nawa ya shiga?"

"Ban bar saura ba."

"Ba zai kashe ka ba, amma daga nan asibiti za mu. Cire allurar, ka zauna ka jira."

"Ranki ya daɗe, zaman ne ba ya yiwuwa."

"To ka rungumi reshen."

Aka tattaro shanu. Awa biyu Maikuɗi na kwance rub da ciki a kan reshe, yana kallon abokan bitarsa suna riƙe igiya, Dokta na bi tana allura. Duk wadda aka yi wa, sai Arɗo ya shafa mata shuɗin fenti a gadon baya don kada a maimaita. Sau biyu Maikuɗi ya ba da shawara daga sama, ba wanda ya amsa. Bajimin ne na ƙarshe. Arɗo ya matsa yana yi masa magana a hankali, mutum huɗu suka sa igiya, Dokta ta soka ta zare kafin ya ankara.

Sa'annan aka ce Maikuɗi ya sauko. Ya sauko da baya, a hankali, ba takalmi, rabin riga a kafaɗa. Ƙafarsa na taɓa ƙasa Arɗo ya miƙa hannu ya shafa masa shuɗin fenti a gadon baya.

"Shi ma an yi masa," in ji Arɗo. "Kada a maimaita."

Dariyar da aka yi a rugar nan har matan da ke tatsa a nesa sai da suka ajiye ƙwarya. A bayan mota aka kwantar da shi rub da ciki, tsakanin kuloli da igiyoyi, aka kai shi asibiti, inda ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi sau uku ko shi ne mara lafiyar ko shi ne mai dabbar.

Kwana biyar ya yi a gida yana kwance a tabarma, ciki a ƙasa. Maƙwabta na shigowa dubiya, wasu sau biyu a rana. Yana gaya musu cewa babban likita ba ya ba dabba abin da bai gwada a jikinsa ba, kuma a duk ƙasar Kiru shi kaɗai ya kai wannan matsayi. Ya kuma riƙa cin tuwo kwano uku, har Hindatu ta ce in bitamin ɗin bai sake shi ba za ta fara kai shi kiwo.

A rana ta shida waya ta yi ƙara. Dokta Khairat ce. Ya sa a lasifika don Hindatu ta ji.

"Malam Maikuɗi, ya jiki? Takardar shaida dai bana babu, ka sani."

"Na sani, ranki ya daɗe. Harkar ofis sai a hankali."

"Amma ga wani labari. Maganarka ta zagaya har Doguwa. Rugage uku da suka shekara suna ƙin rigakafi sun aiko sun yarda. Sai dai sun ce lallai in zo da kai."

Maikuɗi ya yunƙura zai zauna, ya tuna, ya koma. "Hindatu, kin ji? Suna ya tafi! Ranki ya daɗe, wane aiki suke so in yi musu?"

"Ba sa so ka taɓa komai. Kowace ruga ta riga ta zaɓi bishiyar da za ka hau kafin a fito da shanu. Sun ce jama'a za su zo kallo, in suka zo kuwa da shanunsu za su zo."

Hindatu ta sa bakin zani ta toshe bakinta, kafaɗunta na rawa.

Maikuɗi ya kashe wayar, ya ajiye ta a gefen tabarma, ya gyara kwanciya.

"Kin gani ko?" in ji shi. "Ko wata ban yi da fara aiki ba, har ofis uku sun tanadar mini."